Daga Kano zuwa Jidda a jirgin sama: yadda ake lissafa nisa da awannin tafiya

Bayan kuɗin kujera, tambayar da maniyyaci ya fi yi ita ce awa nawa ne zuwa Jidda. Amsar da aka saba bayarwa, awa huɗu da rabi, ba ƙarya ba ce. Sai dai mutum ya buɗe tikitinsa ya ga tashi 22:30, sauka 05:15, ya ƙirga da yatsu ya samu kusan awa bakwai. A na dawowa kuma ya ga ko awa uku ba ta cika ba. Jirgi ɗaya ne, hanya ɗaya ce, kuma babu wanda ya yi kuskuren rubutu. Abubuwa uku ne ake cakuɗawa: awannin da jirgi ke yi a hanya, abin da agogon kowace ƙasa ke nunawa, da kuma tsawon tafiyar daga ƙofar gida zuwa masauki. Wanda ya iya raba su da kansa ba ya sa 'yan uwa su wuni a filin jirgi suna jiransa, ba ya sayen tikitin da yada zangonsa ba zai yiwu ba, kuma miƙati ba ya wuce shi yana barci.

Fara da nisan

Nisan da ake nufi a harkar jiragen sama shi ne gajeriyar hanya a kan doron duniya. Ka ɗauki ƙwallon duniya irin na makaranta, ka danne zare a kan Kano, ka ja shi ya miƙe har Jidda. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanyar. Daga filin jirgi na Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, zaren zai bi ta Jigawa da arewacin Yobe, ya taɓa yankin Diffa a Nijar, ya ratsa Chadi ta arewacin Tafkin Chadi, ya shiga Sudan, ya tsallaka kogin Nilu a wajajen Dongola, sannan ya haye Bahar Maliya. Tsawonsa kimanin kilomita 3,420. Zuwa Madina ya ɗan ɗara haka, kimanin 3,560.

Hanya mafi sauƙi ta samun wannan adadi ita ce Google Maps: ka danna ka riƙe a kan filin jirgin farko har alama ta fito, ka zaɓi auna nisa, ka ja zuwa na biyu. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne neman kwatancen hanya maimakon auna nisa, sai manhajar ta ba ka hanyar mota, wadda ba ruwan jirgi da ita. A auna daga fili zuwa fili, ba daga tsakiyar gari ba.

In ana so a yi da hannu, ga yadda ake yi. Kowane wuri a duniya yana da lamba biyu: digiri nawa yake arewa da tsakiyar duniya, da digiri nawa yake gabas da layin da ya ratsa Landan. Filin Kano yana kan digiri 12.0 arewa da 8.5 gabas. Na Jidda yana kan 21.7 arewa da 39.2 gabas.

Na farko, ka cire lambobin arewa: 21.7 a debe 12.0, saura 9.7. Kowane digiri daga kudu zuwa arewa kilomita 111 ne a ko'ina, don haka 9.7 sau 111 ya ba da 1,077.

Na biyu, ka cire lambobin gabas: 39.2 a debe 8.5, saura 30.7. A nan ne mutane ke zamewa, domin digirin gabas ba 111 ba ne a ko'ina. Layukan da ke raba digirin gabas suna matsewa yayin da ake yin arewa, kamar yadda ɓallin lemo ke haɗewa a sama. A digiri 10 na arewa faɗinsa kilomita 109 ne, a 17 ya koma 106, a 30 ya zama 96, a 45 kuma 79, a 60 saura 56 kacal. Tsaka-tsakin Kano da Jidda digiri 17 ne, saboda haka 30.7 sau 106, wato 3,254.

Na uku, ka ninka kowace amsa da kanta, ka haɗa su, ka danna alamar √ a kalkuletar waya. Za ka samu 3,428, wanda ya yi kusa ƙwarai da ainihin nisan. Wannan dabara tana aiki da kyau a tafiye-tafiyen cikin Afirka da Gabas ta Tsakiya. In tafiyar ta yi tsawo ta kuma nausa arewa sosai, kamar zuwa Amurka ko Sin, amsarta kan zarce gaskiya, gara a koma ga taswira.

A lura da ma'auni kuma. Matuƙa da mil na ruwa suke aiki, wanda yake kilomita 1.852. Mil na ƙasa kuwa kilomita 1.609 ne. Nisan Kano da Jidda ɗin nan mil na ruwa ne kusan 1,850, mil na ƙasa kuma kusan 2,130. In ka ga shafuka biyu sun ba da adadi mabambanta, kafin ka ce ɗaya ya yi kuskure duba ma'aunin da kowanne ya ɗauka.

Mayar da nisa zuwa awanni

Jirgi ba ya bin zaren nan sak. Yana da tituna a sama da masu kula da zirga-zirga suka shata, yana tashi ta inda iska ta ba da dama ko da ba nan ya nufa ba, yana kuma yin kwana kafin ya daidaita da titin sauka. Don haka a ƙara kashi 5 cikin 100 a kan nisan: 3,420 ya zama kusan 3,600.

Sai a raba da gudu. Manyan jirage irin su Boeing 747 da 777 suna yin kusan kilomita 900 a awa in sun daidaita a sama, matsakaita irin su Boeing 737 da Airbus A320 kuma kimanin 830. Don lissafin gida, 850 ya wadatar. Jirgi mai farfela irin ATR 72 daban ne, shi wajen 500 yake yi.

3,600 a raba da 850 ya ba da 4.23. Wannan ba awa huɗu da minti 23 ba ne. Abin da ya biyo bayan ɗigo sai an ninka shi da 60, wato minti 14. Awa huɗu da kwata ke nan.

A ƙarshe a ƙara minti 30. Wannan na lulawa sama ne da saukowa, inda jirgi bai kai cikakken gudunsa ba, da kuma gangarawa a ƙasa daga wurin ajiye jirgi zuwa bakin titi. Jimla awa huɗu da minti 45. Shi ne irin lokacin da kamfani ke rubutawa a tikiti, domin su suna ƙirgawa ne daga sa'ar da aka janye jirgi daga mazauninsa zuwa sa'ar da ya tsaya cak a ɗaya filin. Fasinjan da ya fara duba agogo lokacin da tayoyi suka bar ƙasa zai ga ƙasa da haka, shi ya sa ake jin awa huɗu da rabi a bakin mutane.

Ka gwada dabarar a kan hanyoyin da ka sani. Kano zuwa Abuja kilomita 365 ne a sama: minti 27 da ƙarin 30, awa ɗaya ke nan babu kaɗan. Kano zuwa Legas kusan 835: awa ɗaya da rabi. Ka ga Legas ta ninka Abuja nisa fiye da sau biyu, amma lokacin bai ninka ba, saboda rabin awar nan ta hawa da sauka kowa sai ya biya ta, komai gajartar tafiya.

Iskar sama

Gudun 850 ɗin nan gudu ne a cikin iska, ita kuma iskar tafiya take yi. Kamar mai kwalekwale ne a kogi: in ya bi ruwa ya yi sauri, in ya tunkare shi ya ja baya. A tsayin da jirage ke bi, kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, iska mai gudun kilomita 80 a awa ba abin mamaki ba ce. In tana bayanka, 3,600 a raba da 930, awa uku da minti 52. In tana gabanka, a raba da 770, awa huɗu da minti 41. Tazarar ta kai kusan minti 50 a hanya ɗaya.

A wannan hanya iskar tana juyawa da shekara. Da hunturu, iskar sama mai ƙarfi daga yamma take kaɗawa a kan Sahara da yankin Larabawa, don haka zuwa ya fi dawowa sauri. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, wata iskar ce ke tasowa daga wajen Indiya ta yo yamma a kan Sudan da Chadi, sai ta tallafi mai dawowa. Kada a auna da iskar da ake ji a tsakar gida. Hunturu a ƙasa daga arewa maso gabas yake busowa, alhali can sama akasin haka ake yi.

Abin da ya fi iska ɓata lissafi

Duk wannan lissafi ya ginu ne a kan cewa hanya a buɗe take. Kusan kashi biyu cikin biyar na zaren nan a kan Sudan ya kwanta. Da yaƙi ya ɓarke a can ranar 15 ga Afrilu, 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen da suka yi jigilar alhazan Najeriya a shekarar dole suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kuɗin kujera ma ya ji a jikinsa. A watan Agustan wannan shekarar Nijar ma ta rufe nata sararin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, jiragen da ke tashi daga Najeriya zuwa Turai suka koma kewayawa har aka sake buɗewa a farkon Satumba.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowane ƙarin kilomita 100 minti bakwai ne, kowane 850 awa guda. Hanyar sanin abin da ake ciki a yau kuwa ita ce ka ɗauki lambar jirgin da ke kan tikitinka ka saka a Flightradar24, manhajar bin diddigin jiragen sama. Zai nuna maka sawun kwanakin baya: layin da jirgin ya bi a taswira, lokacin da ya tashi a zahiri, da awannin da ya yi. Ka duba sawu biyar ko shida ka ɗauki tsaka-tsaki. Wannan ya fi duk wani ƙiyasi, ya kuma fi abin da aka buga a tikiti, domin nan za ka gane jirgin da ya saba makara.

Wannan hanya ta Chadi da Sudan tsohuwa ce. Ita alhazan da suka gabata suka bi da ƙafa da raƙumi, wasu shekaru suka yi suna noma a hanya don neman guzuri kafin su kai gaɓar teku, da yawa kuma suka zauna, zuriyarsu na nan a Sudan har yau. Jiragen farko da suka sauka Kano a 1925 ma daga Masar suka taso suka biyo ta nan, kuma kwanaki suka yi suna yada zango.

Agogo

Duk lokacin da ke kan tikiti lokacin garin da aka ambata ne. Na tashi na garin tashi, na sauka na garin sauka. Saudiyya ta riga Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi da awa biyu, ta riga Ghana da awa uku, Sudan kuma da awa ɗaya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe da ke sauya agogo a cikin shekara.

Mu koma kan tikitin farko. Tashi daga Kano 22:30, a ƙara awa huɗu da minti 45, ya kama 03:15 a agogon Kano. A ƙara awa biyu, 05:15 a Jidda. Ƙaramar alamar +1 da ke gefen lokacin tana nufin kwanan wata ya juya, washegari za a sauka. Wanda bai lura da ita ba shi ne ke kama ɗakin otal a ranar da ba ita ba. A dawowa, tashi daga Jidda 09:00, wato 07:00 a Kano, sauka 11:45. In kana son gane ainihin awannin daga tikiti: in gabas ka nufa ka debe bambancin agogo daga abin da ka ƙirga, in yamma ka nufa ka ƙara.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan cin mutane: jirgin tsakar dare. Tikitin da ya ce 00:40 ranar Talata yana nufin ka bar gida daren Litinin. Wanda ya bari sai daren Talata ya zo, jirginsa ya yi kusan kwana da tafiya.

In da yada zango

Ba kullum ake samun jirgi kai tsaye ba, musamman ga masu Umara. Ta Alƙahira, Kano zuwa can kilomita 3,100 ne, daga can zuwa Jidda 1,220. Da dabararmu, awa huɗu da minti 20 da kuma awa biyu, jimla shida da minti 20. Ta Addis Ababa, 3,330 da 1,410, kusan awa bakwai. Wannan zaman cikin jirgi ne kawai, ba a saka jira ba, jiran kuma shi ne ke iya kai tafiyar awa goma ko ashirin.

Lissafin jira ba ya buƙatar sauya agogo, tunda sauka da tashi duk a gari ɗaya ne. Abin dubawa shi ne ko ya isa. In tikiti ɗaya ne ya haɗa sawun biyu, kaya za su wuce da kansu, in jirgin farko ya makara kuma kamfani ne zai nema maka wani. A nan awa biyu zuwa uku sun yi daidai. In tikiti biyu ne daban-daban, sai ka karɓi kayanka ka sake awo, wanda ke iya buƙatar bizar ƙasar da ka yada zango, kuma in ka rasa jirgi na biyu asararka ce. Rahusar da ake samu a irin wannan haɗi ba ta kai haɗarinta ba, musamman ga dattijo ko mai tafiyar farko.

Masar tana matsar da agogonta gaba da awa ɗaya daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, tun da ta dawo da tsarin a 2023. Da hunturu awa ɗaya ce tsakaninta da Kano, da bazara da damina awa biyu. Habasha agogonta ɗaya da Saudiyya, amma mutanen gari suna fara ƙirga awa ne daga fitowar rana, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu. Allon filin jirgi ƙirgen awa irin wanda muka saba yake nunawa, amma in an kai ka otal ka kwana, aka ce mota za ta zo ƙarfe kaza, ka sa a rubuta maka ka kuma tambaya wane agogo ake nufi.

A duba yawan tsayawa a tikiti ma. Jirgi na iya riƙe lamba ɗaya tun daga Kano amma ya sauka wani gari ya ɗebi fasinja ko ya sha mai. Kowace irin wannan tsayawa takan ci awa ɗaya ko fiye.

Daga gida zuwa masauki

Wannan shi ne adadin da ya kamata mai ciwon suga, mai hawan jini da mai goyo su riƙe. A isa filin jirgi awa uku kafin tashi, domin akan rufe awon kaya kimanin awa ɗaya kafin lokaci. A ƙara awa huɗu da minti 45 na jirgi. A ware awa ɗaya zuwa uku na shige da fice, jiran kaya da kwastam, gwargwadon cunkoso. Ƙullin goro ko maganin da ba shi da takardar likita na iya mayar da wannan mataki wuni guda, ko abin da ya fi haka muni. Daga filin Jidda zuwa Makka kusan kilomita 100 ne, awa ɗaya da rabi a mota. Jimla awa goma zuwa goma sha biyu, ban da tafiyar wanda ya taso daga Katsina, Damagaram ko Azare. A lokacin Hajji sai a ƙara zaman sansanin alhazai. Maganin kwana biyu ya kasance a jakar hannu, kuma a ci gaba da shan sa bisa tazarar awanni, ba bisa abin da sabon agogo ya nuna ba.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe Kano har matuƙi ya kasa hango titi, jirgin da zai ɗauke ku ya kasa sauka ko a karkatar da shi wani gari. Da damina hadarin yamma ne ke tsayar da tashi, amma shi yakan wuce cikin awa ɗaya ko biyu, hazo kuwa yana iya kwana. A waɗannan watanni a bar tazara mai faɗi kafin jirgi na biyu.

Miƙati, salla da azumi

Jirgi yana cin kilomita 14 a kowane minti. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, a sama zai daidaita da miƙati, a ƙarshen tafiyar, lokacin da jirgi ya fara saukowa aka kunna alamar ɗaura bel aka hana tashi. Wannan ba lokacin neman banɗaki ba ne don sauya tufa, ga mutum ɗari uku ko fiye suna son abu ɗaya. A yi wanka a ɗaura harami tun a ƙasa, ko a filin da aka yada zango, a bar niyya da talbiyya zuwa sanarwar matuƙi. Ba kowane kamfani ke sanarwa ba, don haka a tambayi ma'aikatan jirgin tun da wuri, a kuma saita ƙararrawar waya awa ɗaya kafin lokacin sauka. Wanda zai fara da Madina ba shi da wannan damuwa, nasa miƙatin Zul-Hulaifa ne a ƙasa, ranar da zai kama hanyar Makka.

Digiri 30.7 da ke tsakanin garuruwan biyu, kowanne minti huɗu ne na tafiyar rana, wato awa biyu da 'yan mintoci. Mai zuwa gabas yininsa ya ragu da wannan, lokutan salla suna riskarsa da wuri. In jirgi ya tashi daga Kano ƙarfe biyu na rana, rana za ta faɗi masa a kan Sudan tun agogon Kano bai kai biyar da rabi ba. Mai dawowa kuwa yininsa ƙaruwa yake: ya bar Jidda ƙarfe uku na yamma, ya sauka Kano shida saura kwata da sauran rana, alhali agogon hannunsa na cewa takwas saura kwata. Ga mai Umarar azumi, abin lura shi ne ranar da yake gani ta taga, ba jadawalin garin da ya baro ko wanda ya nufa ba. A tsayin kilomita 11 rana takan yi kusan kwata na awa tana bayyane bayan ta faɗi ga mutanen da ke ƙasa daidai wurin. In kujerarka ba ta kusa da taga, ko tana ɓangaren da ba a ganin yamma, ka roƙi na ɗaya gefen ya ɗaga labulen tagarsa ya duba maka.